Ko Kun Sani? Waya Ɗaya Ke Riƙe Da Wutar Maine-Soroa

Sau da yawa ɗaukewar wuta a Maine-Soroa ba daga cikin garin take farawa ba. Layin kamfanin wutar lantarki na NIGELEC a gabashin Nijar ya haɗa Diffa da Maine-Soroa da Ngigmi, an kuma jona shi da Najeriya ta wata waya mai ƙarfin kilobolt 33 daga Damasak, garin da Boko Haram ta mamaye a Nuwamban 2014. Inda babu tsaro, masu gyara ba sa zuwa da wuri. Wasu za su ce ai akwai injunan samar da wuta a Diffa. Gaskiya ne, amma wutarsu ma sai ta bi waya kusan kilomita 70. In turke ɗaya ya faɗi, ƙauyukan da ke bayansa duk sun shiga duhu.