Butan: ranakun bankwana a ƙasar da matasanta ke ficewa

A ƙasar Butan, wadda ke tsakanin Indiya da Sin a cikin tsaunukan Himalaya, masu yawon buɗe ido da yawa kan ƙare hutunsu ne a kwarin Paro. Can ne babban filin jirgin saman ƙasar yake, can kuma ake hawa zuwa Taktsang, wurin ibadar mabiya addinin Buda da ke manne a jikin wani dutse.

Masu jagorantar baƙi kan ajiye wannan hawan sai ranar jajibirin tafiya, kuma da dalili. Garin Paro kansa yana bisa tsayin kimanin mita 2,200 daga teku, wato ya ɗara dutsen Bagzam na Ayar, wanda ya fi kowane tsayi a Nijar da mita 2,022. Taktsang kuwa yana kan mita 3,120. Wanda bai yi 'yan kwanaki jikinsa ya saba da ƙarancin iska ba, tun a rabin hanya numfashi zai fara yi masa wuya.

Hawan kan ci awa biyu zuwa uku. Akwai dawakin haya, amma iyakarsu rabin hanya, sauran sai da ƙafa. A bakin ƙofa ake ajiye salula da kyamara, domin an hana ɗaukar hoto a ciki. An gina wurin a 1692, gobara ta cinye shi a 1998, aka kammala sake gina shi a 2005. Bayan saukowa, baƙi da yawa kan shiga wankan gargajiya a kwamin katako, inda ake jefa duwatsun da aka gasa a wuta su ɗumama ruwan. Daga nan sai kasuwa, don kashe ragowar ngultrum, kuɗin ƙasar da ke da wuyar canzawa a waje.

Kowane dare a Butan da farashinsa. Ban da kuɗin otel da abinci, gwamnati na karɓar dalar Amurka 100, sama da jaka 50 na CFA, daga akasarin baƙin da ba 'yan Indiya ba a kan kowane kwana. A 2022 harajin ya kai dalar Amurka 200, kafin a rage shi a watan Satumban 2023. Tun da ƙasar ta buɗe wa baƙi ƙofa a 1974, tsarinta shi ne baƙi kaɗan, kuɗi masu kauri.

Fita ma ba ta da tabbas. Filin jirgin Paro na kewaye da tsaunuka, matuƙa ƙalilan ne ke da izinin sauka a cikinsa, kuma da rana kawai jirage ke tashi. Idan gajimare ya rufe kwarin, musamman a damina tsakanin Yuni da Satumba, sai a zauna jira. Shi ya sa masu shirya tafiye-tafiye ke shawartar wanda zai canza jirgi a Delhi ko Bangkok ya bar tazarar kwana guda.

A zauren jiran nan ne baƙo ke haɗuwa da wasu matafiyan da ba hutu suka gama ba. Butan, mai mutanen da ba su kai 800,000 ba, ta yi suna wajen auna ci gaba da jin daɗin al'umma maimakon dukiya kaɗai. Duk da haka, tun bayan annobar korona dubban matasanta, ciki har da malaman makaranta da ma'aikatan jinya, suka tafi Ostareliya neman karatu da aiki, akasari birnin Perth. Ƙarancin aikin yi da ƙaramin albashi ne ke tura su, dalilan da duk ɗan ci-rani daga Tawa ko Damagaram ya sani.

A watan Disamban 2023 sarki Jigme Khesar Namgyel Wangchuck ya sanar da shirin gina sabon birnin kasuwanci a Gelephu, kusa da iyakar Indiya, da fatan samar da ayyukan da za su riƙe matasa a gida. Aikin zai ɗauki shekaru. Kafin nan, jiragen Drukair da Bhutan Airlines na ci gaba da tashi daga Paro ɗauke da baƙin da suka biya kuɗi don ganin ƙasar, da 'ya'yanta da ke barin ta don neman abin rufin asiri.