Rumbun Iri Na Kasuwar Bitcoin: Aikin Da Ke Gaban Ɗaliban Gwarzo Da Kabo

A garuruwan yammacin Jihar Kano, tun daga Rimin Gado har zuwa Kabo da Gwarzo, maganar kuɗin intanet ta daina zama baƙon abu a bakin samari da ƙananan ma'aikata, musamman tun daga shekarar 2024 lokacin da wasan Hamster Kombat ya mamaye wayoyin matasan Arewa. Amma da yawa daga cikin masu zuba kuɗinsu a wannan harka ba su san yadda kasuwar take tsaye ba, balle su san 'yan mutanen da ke nuna wa baƙo hanya idan ya shigo.

Bitcoin dai shi ne babban wan kuɗaɗen nan. Wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ne ya bayyana tsarinsa a watan Oktoba na 2008, aka fara aiki da shi a watan Janairu na 2009. Ba shi da babban banki, ba shi da hedkwata. Dubban kwamfutoci ne a ƙasashe dabam-dabam, kowace tana riƙe da kwafin kundin lissafi guda, suna kuma isar wa juna labarin kowane ciniki. Kusan kowane minti 10 akan ƙara sabon shafi a kundin.

Matsalar Baƙo

To, a nan ne wata matsala ta taso. Idan mutum ya kunna sabuwar kwamfuta a Gwarzo domin ta shiga wannan tsari, wa za ta fara yi wa sallama, tun da babu ofishin da za ta nufa? Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. A zamanin fatauci, falke idan ya sauka garin da bai sani ba yakan nemi fatoma, watau mai masauki, shi ne zai haɗa shi da dillalai da masu saye na ƙwarai. Kwamfuta ma tana bukatar irin wannan mutum.

Da fari, kwamfutocin Bitcoin kan haɗu ne a wani ɗakin hira na intanet mai suna IRC, su karɓi adireshin juna. Daga shekarar 2011 aka fara amfani da wata dabara dabam, wadda ta dogara ga tsarin DNS. Shi DNS kamar littafin lambobin tarho yake: a ba shi suna, ya ba da lambar adireshin kwamfutar da ke ɗauke da sunan. Sai masana suka kafa waɗansu kwamfutoci na musamman waɗanda idan aka tambaye su suna guda, sai su amsa da jerin adireshin kwamfutocin Bitcoin masu aiki a wannan lokaci. Turawa sun laƙaba musu sunan iri, domin daga su ne zumuncin sabuwar kwamfuta ke tsirowa. Manomi zai fi ganewa idan aka ce rumbun iri.

Yadda Rumbun Ke Aiki

Aikin rumbun kashi biyu ne. Na farko, akwai manhaja mai yawo dare da rana tana ƙwanƙwasa ƙofar kowace kwamfutar Bitcoin da ta ji labarinta, a ƙofa mai lamba 8333, tana duba ko tana amsawa, tana kuma rubuta tsawon lokacin da ta yi ba ta ɗauke ba. Na biyu, akwai sashen da ke sauraron masu tambaya a ƙofa mai lamba 53, ya zaɓo musu 'yan adireshi daga cikin waɗanda suka ci jarrabawa. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Pieter Wuille, shi ya rubuta manhajar da aka fi sani domin wannan aiki, ya kuma sake ta kyauta ga kowa.

Sabuwar kwamfuta da zarar ta sami abokai, su ne za su ci gaba da gabatar da ita ga waɗansu. Tana ajiye adireshinsu a cikinta, saboda haka ba kasafai take komawa rumbun ba sai in waɗanda ta sani sun ƙi amsawa. In kuwa rumbunan duka suka yi shiru, akwai wani tsohon jerin adireshi da aka dasa a cikin manhajar domin ranar wuya.

Rumbunan da sunansu ke cikin babbar manhajar Bitcoin Core ba su wuce goma ba, kuma mafi yawan masu kula da su 'yan Turai ne da Amurka. Babu albashi a aikin, babu lada ta kuɗi.

Amana

Mai rumbu ba ya riƙe kuɗin kowa, ba kuma zai iya ƙirƙiro Bitcoin na jabu ba, domin kowace kwamfuta tana tantance kundin da kanta. Amma yana iya yin ɓarna ta wata fuska. Idan ya ba baƙo adireshin kwamfutocin 'yan damfara zalla, to, za su iya kewaye shi, su ɓoye masa gaskiyar abin da ke gudana, har ya saki kaya a kan kuɗin da daga baya za a tarar ba su tabbata ba. A shekarar 2015 waɗansu masu bincike na Jami'ar Boston da Jami'ar Hebrew ta Birnin Ƙudus suka nuna yadda za a iya killace kwamfuta ta wannan hanya, aka kuma yi gyare-gyare a manhajar saboda bincikensu.

Don haka aka rubuta ƙa'idodi ga masu rumbu. Wajibi ne adireshin da suke bayarwa su zama na kwamfutoci masu aiki, waɗanda aka zaɓa bisa adalci. Kada su sayar da rumbun ko su miƙa shi ga wani a ɓoye. Kada su tara bayanin masu tambaya fiye da abin da aikin ke bukata, kada kuma su ba wani. Haka nan su bayyana hanyar da za a tuntuɓe su in an ga kuskure.

Ko Za A Iya A Nan?

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramar kwamfuta, da adireshin intanet wanda ba ya canzawa, da suna mai rajista, ko da mai ƙarewa da .ng ne, wanda hukumar NiRA ke kula da shi. Abin da ke da wuya shi ne ɗorewa, domin rumbun da ke ɗaukewa kullum ba shi da amfani ga kowa. Jama'ar Gwarzo da Kabo ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan lantarki ta jefa Kano da maƙwabtanta cikin duhu fiye da mako guda. Ran 14 ga Maris na shekarar kuma, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, harkoki suka tsaya cik a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama. Saboda haka wanda ke son gwadawa, ko dai ya tanadi lantarki mai amfani da hasken rana da batura, ko ya yi hayar kwamfuta a wata cibiyar ajiyar bayanai, ya riƙa sarrafa ta daga gida.

Ta fuskar doka ma an sami sauyi. Ran 5 ga Fabrairu, 2021, Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kuɗin intanet, ya kuma fito da nasa mai suna eNaira a watan Oktoba na shekarar. A watan Disamba na 2023 ya janye hanin. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sa irin waɗannan kadarori ƙarƙashin hukumar SEC. Duk da haka, a watan Afrilu na 2025 dandalin CBEX ya rushe da dukiyar ɗimbin 'yan Nijeriya, mutanen da suka miƙa kuɗinsu ga kamfani ba tare da wata hanyar tantancewa ba.

A nan ne darasin yake ga ma'aikacin da ke shirin zuba albashinsa. Wanda ke ciniki ta manhajar wani kamfani a wayarsa, ga kamfanin ya dogara, ba ga tsarin ba. Ga ɗalibi kuwa, hanyar Gwarzo tana da manyan makarantu biyu masu iya ɗaukar wannan aiki, watau sabon matsugunin Jami'ar Bayero da babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Gwamnatin Tarayya da ke Kabo. Ɗalibin da ya kafa rumbun gwaji zai koyi sarrafa DNS da tsaron kwamfuta, sana'o'in da bankuna da kamfanonin waya da ma'aikatun gwamnati ke nema, ko da bai taɓa sayen Bitcoin na kwabo ba. Shiga jerin Bitcoin Core kuwa sai wanda masu rubuta manhajar suka daɗe da saninsa, suka kuma yarda da amanarsa, bayan an tattauna maganar a fili.