Idan manhajar kiɗa ta rufe kanta, a fara tuhumar fulogin

A ɗakunan haɗa waƙa da tallar rediyo, daga Titin Zoo na Kano har Abuja, babu abin da ke tayar da hankalin mai haɗa sauti kamar manhaja ta rufe kanta ana tsakiyar aiki, ga mai kaya yana jira. Da yawa sukan ɗauka kwamfutar ce ta lalace, su goge ta su sake ɗora komai, a yi asarar yini guda, wani lokaci har da ayyukan da ba a adana ba. Sau tari kuwa laifin na wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ake kira fulogin.

Fulogin ne ke ƙara wa manyan manhajoji irin su FL Studio da Cubase da Logic Pro muryoyin kayan kiɗa, ko amsa-kuwwa, ko gyaran murya. Kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST a 1996, wanda ya ba kowane kamfani damar ƙera nasa fulogin. A mafi yawan manhajojin, fulogin da mai masaukinsa ma'ajiya ɗaya suke aiki a ciki, shi ya sa idan baƙon ya yi tuntuɓe, har mai gidan yake kayarwa.

Dalilan sanannu ne. Akwai tsufa: Cubase ya daina karɓar fulogin masu bit 32 tun fitowar Cubase 9 a 2016, Apple ma ya rufe wannan ƙofa a macOS Catalina a 2019. Akwai kuma kwafin sata da ake saukewa kyauta, wanda aka yi wa kutse don tsallake lasisi, ba ya samun gyaran kamfani, kuma yakan zo da ƙwayar cuta.

Matakin farko shi ne a buɗe manhajar ba tare da fulogin ba. A Logic Pro ana danne maɓallin Control yayin buɗewa, Cubase kuma yana da Safe Mode. Idan ta tsaya lafiya, an san inda matsalar take. A Windows, Event Viewer yakan rubuta sunan fayil ɗin da ya jawo faɗuwar, wanda sau da yawa sunan fulogin ɗin ne.

Idan rahoton bai fayyace ba, sai a bi hanyar rabi-rabi. A kwashe rabin fulogin daga jakarsu zuwa wani wuri, a buɗe manhajar. In ta faɗi, mai laifin yana cikin waɗanda suka rage. In ta tsaya, yana cikin waɗanda aka kwashe. A sake raba wannan rukuni biyu. Ta haka, gwaji shida ya isa a zaƙulo guda daga cikin fulogin 64.

Da an gano shi, a nemi sabon samfurinsa daga kamfaninsa, ko a cire shi baki ɗaya. Bitwig Studio da Reaper suna iya killace fulogin a keɓe, ta yadda faɗuwarsa ba za ta tafi da aikin ba.

Ƙwararru sukan mayar da kowane layin kiɗa sauti zalla kafin su rufe aiki, kuma ba sa sabunta komai a makon miƙa kaya. Jami'in da ya ba da kwangilar talla ma yana da haƙƙin neman waɗannan fayiloli tare da aikin, domin ko bayan shekaru za su buɗu a kowace kwamfuta.