AMSOSHIN WASIƘUNKU: Injin Ƙanƙara A Gida Da Yadda Ake Ja Masa Ruwa

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga garin Zango ta ƙasar Daura, manomi kuma mai teburin zoɓo da kunun aya a bakin kasuwa, ya rubuto yana cewa ya gaji da aika yaro Daura sayen ƙanƙara, kafin ta iso rabi ya narke a buhu. Ya ce ya sayar da riɗinsa da wakensa, yana so ya sayi firij irin mai yin ƙanƙara da kansa, ya ja masa ruwa daga tankin gidansa. Yana tambaya yaya ake haɗawa, kuma ko zai mayar da kuɗinsa.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma madalla da ka tambaya tun kuɗin suna aljihunka. Da farko dai ka sani abin da ake kira injin ƙanƙara iri uku ne. Akwai wanda ke cikin babban firij, shi ne ake ja wa ruwa ta siririn tiyo, amma abin da yake yi a yini da kwana bai fi kilo ɗaya da rabi zuwa biyu ba, wato na shan iyali ne kawai. Akwai ɗan ƙarami na ɗorawa a kan tebur, wanda ake zuba wa ruwa da hannu. Shi yakan yi wajen kilo 12, sai dai ƙanƙararsa ƙanana ce kamar goriba ba ta kai ba, kuma ba ya riƙe ta, in an bar ta a ciki narkewa take yi. Na uku shi ne na 'yan kasuwa, mai yin manyan dunƙule, wanda ake jera gwangwanaye ko ledoji a cikinsa, wani ma a tsoma su cikin ruwan gishiri, domin ruwan gishiri yana yin sanyi ƙwarai ba tare da ya daskare ba.

Tun da na cikin firij ka ambata, bari mu fara da shi. Babbar matsalarsa a ƙauyukanmu ita ce ƙarfin ruwa. Injin yana da wata 'yar ƙofa da ke buɗewa na 'yan daƙiƙoƙi kaɗan ta rufe, a cikin wannan ɗan lokaci ne dole ruwa ya cika mazubin. Masu ƙera shi sukan nemi ƙarfin ruwa aƙalla awo 20 a ma'aunin da suke rubutawa psi, wasu ma 30. Tun muna makarantar horon malamai aka koya mana cewa ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa, ba daga girmansa ba. Kafin ka sami awo 20 ɗin nan sai tankin ya yi sama da firij da mita 14, wajen ƙafa 46 ke nan. To wa ke da irin wannan hasumiya a gida? Tankin da ke kan ƙarfe mai ƙafa 10 ko 12 ko kusa bai kai ba. Abin da za ka gani shi ne ƙanƙara 'yar mitsitsiya mai rami a ciki, ko kuma ƙofar ta ƙi rufewa sosai ruwa ya yi ta ɗiga ya daskare a bakin tiyo. Maganinsa ɗan injin tura ruwa ne da ake sawa tsakanin tanki da firij. Ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun yanzu.

Haɗawar kanta ba wuya. In an kawo firij, a bar shi tsaye na sa'o'i kafin a kunna, in kuwa a kwance aka ɗauko shi a mota, ya kwana ya yini, don man kwamfuresa ya koma mazauninsa. A rufe ruwa daga tanki. Mai gyaran famfo ya yanka bututun ruwan sanyi ya sa mahaɗi mai baki uku, ya ɗaura masa ɗan makulli na buɗewa da rufewa a inda hannu zai kai, don ranar da abu ya ɓaci ba sai an hana gida duka ruwa ba. Daga nan sai matatar ruwa, sannan tiyo mai kaurin kwatan inci, irin wanda aka yi don ruwan sha. Kada a yi amfani da tiyon mai na babur, na ga an yi. Kafin a ɗaura tiyon a bayan firij, a sa bakinsa cikin bokiti a saki ruwa har ya fito garau, domin yashi ɗan kaɗan ya isa ya toshe ƙofar nan. A bar rarar tiyo a naɗe kamar gammo a baya, yadda za a iya jawo firij a yi shara bai tsinke ba. A ɗaure da hannu, a ƙara kaɗan da sifana, a buɗe ruwa, a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa a duba ta da safe. Ƙanƙarar farko da ta biyu da ta uku a zubar.

Yanzu ga maganar da na fi so ka riƙe, tun da jama'a za ka shayar. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ƙwayar taifot da ta amai da gudawa suna iya kwanciya cikin ƙanƙara, ta narke a zoɓo su shiga cikin mutum. Matatar firij kuwa datti da wari take tarewa, ba ta mai da ruwan rijiya buɗaɗɗiya ya zama na sha. Saboda haka ruwan da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka daskarar da shi. A yi da na rijiyar burtsatse mai tsabta, a wanke tanki a rufe shi. In ruwan 'yan garuwa ne ba ka san inda aka ɗebo ba, a tafasa. Haka nan in ka ga farin abu yana kama gindin butar shayinku, to zai kama cikin injin ma, sai an riƙa sauya matata, aƙalla duk wata 6.

Sai wuta. Har yanzu Nepa muke cewa, ko da yake tun 2013 kamfanin KEDCO ne ke raba wuta a jihohin Katsina da Kano da Jigawa. Ƙanƙara tana son wuta ta daɗe ba yankewa, firiza ta sauka zuwa digiri 18 ƙasa da sifiri. Ka fi ni sanin sa'o'in da kuke samu a unguwarku, ka ƙirga su na mako guda kafin ka yi ciniki. Ka sayi sitabilaiza. In an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, a jira minti 5 kafin a kunna. Wutarmu mai ƙarfin 230 ce, na hannu da aka kawo daga Amurka kuwa na 110 zuwa 120 ne, in aka soka shi kai tsaye ya ƙone. Sannan ka leƙa 'yar takardar da ke manne a jikinsa. In ka ga harafin T, an yi shi don zafi har digiri 43. ST ya tsaya a 38, N kuwa a 32, na ƙasashen Turai ke nan. Wanda ya san Afrilu da Mayu a ƙasar Daura, lokacin da zafi ke wuce 40, ya san wanda zai ɗauka. A ajiye shi a inuwa, a bar tazara tsakaninsa da bango don ya sha iska.

Game da mayar da kuɗi, gaskiya ni ban ba ka shawarar na cikin firij ba. Kilo biyu ba za su riƙe tebur ba. Firiza ta kwance ta fi maka, ka ƙulla ruwa a leda, ba tiyo ba injin turawa. Kada ka cika ledar, ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare. Ka zuba wanda ya kwana a randa maimakon wanda rana ta dafa a baƙin tanki, zai fi saurin kamawa. In da hali, akwai masu aiki da farantan hasken rana, sun fi tsada a saye amma ba ruwanka da man janareta.

Kuma kada ka yi lissafi da cinikin azumin shekarun baya. A 2022 kusan duk azumi a Afrilu aka yi shi, ƙanƙara ta yi daraja. Amma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, yana shiga cikin hunturu, sa'ad da mutane ke neman shayi. Ka gina lissafinka a kan watannin bazara da ranakun kasuwa, ka kuma rage wani abu daga kuɗin riɗin don taki da iri, damina ba za ta jira firiza ta biya kanta ba.