Mako mai kwana uku da rabi: Jerin ayyukan waya a Anaca da Inugu

A ranar 9 ga Agustan 2021 da ƙungiyar IPOB ta fara tilasta zaman gida duk Litinin, lissafin mako ya sauya a Kudu maso Gabas. Ga Bahaushen da ke zaune a Titin Bida na Anaca, ko mai harkar shanu a Garikin Ugwuoba da ke Jihar Inugu, idan an cire Litinin aka kuma raba Juma'a biyu saboda masallaci, kwana uku da rabi ne ya rage na aiki a wancan lokacin.

Manhajar tsara ayyuka da ke cikin waya ba ta san da wannan ba. A lokacin zaman gidan, ma'aikacin tarayya da aka turo daga Abuja yakan rubuta aiki 15 a daren Lahadi: zuwa banki, kai takarda sakatariya, ganin Sarkin Hausawa kan wani saɓani. Litinin ta wuce ko ƙofa bai leƙa ba. Da safiyar Talata sai ya tarar duk sun koma ja, an tara su kan na ranar, ga waya daga hedikwata ana tambayar rahoto. Daga nan ne da yawa ke daina buɗe manhajar, abin da ke jawo takardar tuhuma.

Laifin ba na waya ba ne kaɗai. An haɗa rumbu da akushi wuri guda. Microsoft To Do, wadda ta gaji Wunderlist da aka rufe a 2020, tana da shafin yini da ke share kansa kowane dare, ayyukan kuma suna nan a babban jeri. Sai mutum ya ɗebo biyar ko shida da safe, ya bar sauran. Litinin a ba ta abin da ba ya buƙatar fita, kamar rubuta rahoto da kiran waya. Aikin banki kuwa kada ya kai Juma'a.

Gwamna Peter Mbah ya ayyana ƙarshen zaman gidan a Inugu daga 5 ga Yunin 2023, amma a lokacin direban da zai ɗauko kaya daga Anaca ba sanarwar Inugu yake dubawa ba. A Fatakwal Litinin ranar aiki ce. Can cunkoson Titin Aba ne ke cinye aiki na huɗu da na biyar.