Abin da Muka Koya daga Jirgin Ja

Da muka yi niyyar yin ɗan jirgin ruwa a ajin kafinta, sai malaminmu ya ce mu fara duban zanen jirgin ja tukuna. Shi ne gajeren jirgin nan mai ƙarfi da ke jan manyan jirage a tasha, ɗan'uwan waɗanda da can suke jan kwale-kwalen gyaɗa a Kwara, daga Baro zuwa Burutu.

Abu uku muka lura. Na fari, cikinsa da faɗi, nauyin inji kuwa duk yana ƙasa, don kada ya yi saurin karkata. Na biyu, farfelarsa babba ce, tana nutse sosai, domin ƙarfin ja ake nema, ba gudu ba. Na uku, shi ne ya fi ba mu mamaki: ba a ɗaura igiya a can baya, sai kusa da tsakiya. Dalili kuwa, in an ɗaura a baya, igiya ta kan riƙe jirgin, matuƙi ya kasa juya shi. Amma nan ma akwai haɗari. In igiya ta koma gefe, babban jirgi ya kan kifar da ƙarami nan take, mutane su halaka. Saboda haka a kan yi ƙugiya mai sakin igiya da bugu ɗaya.

Mu da mun riga mun kafa ƙusar igiyarmu a baya, sai muka cire, muka matso da ita gaba. Ashe gaskiya ne, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.