Sana'ar koyar da motsa jiki: amsa ga wani matashi daga New Bell

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na sana'o'in matasa na wannan mako, domin waɗanda kiwo ko layin kwastan ya hana su kama rediyo.

Tambayar ta fito ne daga wani matashi ɗan unguwar Hausawa ta New Bell a birnin Duwala. Mahaifinsa dillalin shanu ne, yana karɓar dabbobin da ake saukowa da su daga Ngaundare. Shi kuwa yaron yana tsaron shagon yayansa a kasuwar Kongo. Ya ce shekara uku ke nan yana ɗaga ƙarfe a bayan gida, jiki ya murɗe, har abokai sun fara kiransa koci. Yanzu yana son ya bar shago ya koma koyar da mutane motsa jiki ana biyansa. Mahaifinsa ya ce wannan wasa ne, ba sana'a ba. Shi ne ya ce mu raba gardama.

To ɗan'uwa, sana'a ce, kuma akwai masu cin abinci da ita a Duwala. Amma ƙwanji ba shi ne jarinta ba. Jarinta ilimi ne da amana. Makiyaya za su fi kowa gane wannan: idan mutum ya ba ka shanunsa kiwo, ba ƙarfin sandarka yake dubawa ba, yana duba ko ka san ciyawa, ka san ruwa, ka san saniyar da ba ta da lafiya tun kafin ta kwanta. To shi koci, jikin mutum ake ba shi kiwo.

Wa zai biya ka?

Yaran New Bell da yawa idan an ce wasanni, Samuel Eto'o suke tunawa, wanda ya tashi a unguwar, ko Francis Ngannou, wanda ya fara koyon dambe a Duwala kafin ya ci kambun duniya na UFC a watan Maris na 2021. Amma mai koyar da motsa jiki ba zakaru yake horarwa ba. Kuma samarin da kuke ɗaga ƙarfe tare ba su ne za su biya ka ba, don su ma aljihunsu irin naka ne.

Mai biyanka shi ne Alhajin da ke zama a shago tun safe har magariba, ga shayi mai sukari, ga tsire, ga tumbi ya fito, likita kuma ya ce masa jininsa ya hau. Shi ne direban babbar mota da ke kwana da kwanaki a kujera tsakanin Duwala da Garwa ko Njamena, baya ya riƙe. Shi ne dattijon da ya yi shekara talatin yana bin shanu a ƙafa, ya dawo birni ya zauna wuri ɗaya, abinci bai ragu ba amma tafiya ta ƙare. Waɗannan ba ƙirji suke nema ba. So suke su hau bene ba haki, su yi sujada gwiwa ba ta yi ƙara ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri, sannan aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Minti 150 ɗin nan, rabin awa ne sau biyar. Matsakaici kuwa yana nufin mutum zai iya magana yana cikin yi, amma ba zai iya rera waƙa ba. Aikinka shi ne ka kai mutumin da bai taɓa yin ko minti goma ba zuwa wannan matsayi, sannu a hankali, ba tare da ka ji masa ciwo ba.

Ina ake koyo?

A Kamaru akwai hanyar gwamnati. Babbar makarantar matasa da wasanni, wato INJS, tana Yawunde. Akwai kuma cibiyoyin da ake kira CENAJES a garuruwa irin su Garwa da Bartuwa da Kiribi da Chang da Bamenda. Da jarrabawa ake shiga, kuma galibi malaman wasanni suke yayewa. Wanda ke da takardun boko, ya je ofishin ma'aikatar wasanni na yankinsa ya tambayi lokacin jarrabawa da sharuɗɗanta.

Wanda ba shi da takardu fa? Hanya ba ta toshe ba. Ya nemi koci mai takardar shaida a ɗaya daga cikin ɗakunan motsa jiki na Akwa ko Bonapriso ko Bonamusadi, ya zama yaronsa, kamar yadda ake zama yaron tela ko yaron mota. Ya share ɗaki, ya jera ƙarafa, ya buɗe ido da kunne. Sannan abu ɗaya da ba mu yarda a tsallake ba: kwas na taimakon gaggawa, irin wanda ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ke bayarwa. Ranar da mutum ya yanke jiki ya faɗi a gabanka, wannan kwas ɗin ne zai yi magana, ba damtsenka ba.

A yi hattara da masu tallar satifiket a waya, waɗanda za su ce ka tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo a aiko maka da takarda cikin kwana uku. Takardar da ba a zauna an koya ba, ba ta wuce a naɗe ƙosai da ita ba.

Kafin ka karɓi kuɗin kowa

Tambaye shi: shekarunka nawa? Kana da hawan jini ko ciwon suga? Ka taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri idan ka yi sauri? Wane magani kake sha? Wanda ya amsa da e a ɗaya daga cikin cututtukan nan, ya fara zuwa asibiti likita ya ba shi izini. Ka sayi na'urar awon jini ka koyi aiki da ita. Awo daga 140 bisa 90 zuwa sama, idan ya maimaitu, shi ake kira hawan jini. Idan ka ga ya kai 180 bisa 110 mutum yana zaune, ranar babu atisaye, sai asibiti. Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, kada ya zo da yunwa, kuma a ajiye sukari ko alewa kusa.

Kai ba likita ba ne. Kada ka taɓa ce wa mutum ya bar maganinsa don ya fara gudu. Kuma kada ka sayar da allurar kumbura tsoka ko ƙwayar ƙara ƙarfi. Allurar nan tana lalata hanta da zuciya, tana iya taɓa haihuwa. Tiramol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa yaranmu masu acaɓa. Kocin da ya shiga wannan harka ya ci amana, kuma hukuma na iya kama shi.

Lissafi

'Yan kasuwa sun san ba a shiga harka sai da alƙalami. Kayan farawa ba su da tsada: tabarma ta roba, igiyar tsalle, robobin ja, ƙananan ƙarafa, ma'aunin nauyi, na'urar awon jini da littafin rubuta ci gaban kowa. Wuri kuma akwai filin makaranta, akwai tsakar gidan mai koyo, akwai filin Parcours Vita ga wanda zai iya kuɗin mota.

Bari mu yi misali, ba farashin kasuwa muke faɗa ba. A ce mutum goma sun yarda su ba ka jaka biyar-biyar a wata, ka tashi da jaka hamsin. Cire kuɗin acaɓa, cire katin waya, cire biyu da za su ce sai wata ya ƙare. Sannan ka tuna daminar Duwala: a Yuli da Agusta ruwa na iya wuni yana zuba, lungunan New Bell su cika, ba mai fitowa. A watan azumi kuma sai an mayar da atisaye bayan buɗa-baki ko bayan asham, wasu ma su ɗauki hutu. Saboda haka ka karɓi kuɗin wata tun farkonsa, ka nemi wuri mai rufi, ka yi ajiya lokacin da kasuwa ke ci.

Akwai kuma wata kasuwa da ba a taɓa sosai ba, wato ta mata. Hajiyoyi da yawa a unguwanninmu likita ya ce su rage ƙiba, amma ba za su shiga ɗakin da maza ke ciki ba, kuma mazansu ba za su yarda namiji ya koyar da su ba. Yarinyar da ta koyi aikin nan da kyau, ta tara mata biyar ko shida a tsakar gida bayan an kai yara makaranta, ta samu sana'a ba tare da ta bar unguwa ba.

Hukuncinmu

Ga matashin da ya yi tambaya: kada ka bar shagon yayanka tukuna. Aikin koci na asuba ne da yamma, kasuwa kuwa ta rana ce, ba sa karo. Ka yi kwas ɗin taimakon gaggawa, ka samu ubangida, ka fara da mutum biyu ko uku bayan sallar asuba. Ka rubuta nauyinsu da awon jininsu ranar farko, ka sake dubawa bayan wata uku. Idan Alhaji ɗaya ya ji sauƙin jikinsa, shi zai yi maka talla a majalisa, ba sai ka buga takarda ba. Sai ranar da kuɗin koci ya kai abin da kake samu a shago wata shida a jere, damina a ciki, sannan ka zauna da yayanka ku yi magana.

Ga Baba kuma, a yi masa uzuri, a sa masa albarka. In da hali ma, Baba ya zama ɗalibinsa na farko.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba sana'ar gyaran fitila da famfo masu aiki da hasken rana a rugage. Masu tambaya su aiko ta hannun wakilanmu na kasuwanni kamar yadda aka saba. Allah ya tsare hanya, ya ba dabbobi lafiya, ya sa albarka a nema.